Muhawara: Wace Bindiga Ce Ta Cancanci Shiga Rukunin PCC a Gasar Harbi?

Sabon Maharbi:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka riga ni daɗewa a wannan wasa su warware mini wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar. Na je gasar wata-wata ta wata ƙungiyar harbi da ke bin dokokin USPSA, uwar ƙungiyar wannan wasa a nan Amurka, da niyyar shiga rukunin PCC (Pistol Caliber Carbine), wato rukunin doguwar bindiga mai cin harsashin fistol. Tawa ƙirar AR ce mai cin milimita 9, bututunta inci 8, kuma abin da ke bayanta maɗaurin damtse ne, ba gindin da ake dogarawa a kafaɗa ba. Da na buɗe jaka a teburin duba kaya, alƙalin ya ɗauke ta, ya juya ta, ya sa yatsa cikin tsagar robar maɗaurin, sannan ya ce mini cikin ladabi ba za ta shiga rukunin ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, mutumin da ke bayana a layi ya zo da bindiga mai gajeren bututu kamar tawa, harsashinmu iri ɗaya, gidan harsashinmu iri ɗaya, amma shi aka bar shi ya wuce saboda tasa tana da gindin kafaɗa. Na yi tafiyar awa biyu, na biya kuɗin shiga, na ƙare da kallo da manna takarda a kan ramukan da wasu suka huda. Shin wannan doka ce a rubuce, ko kuwa ra'ayin alƙalin ne? Idan doka ce, mene ne hikimarta?

Tsohon Alƙali:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na tausaya maka ƙwarai, domin ni ma na taɓa tsayawa a bayan irin wannan tebur, kuma babu alƙalin da yake jin daɗin mayar da mutum. Sai dai bai zalunce ka ba. An buɗe rukunin PCC a USPSA a matsayin gwaji a shekarar 2016, kuma sharuɗɗansa suna cikin rataye na D8 na littafin dokoki. Sharaɗin da ratayen ya zo da shi tun farko shi ne dole bindigar ta kasance da gindi a haɗe, wanda za a iya harba ta da shi daga kafaɗa, kuma ya ambaci maɗaurin damtse ya fitar da shi. Da wannan aka yi maka hukunci.

Dalilin kuwa yana komawa ne ga dokar ƙasa. A dokar tarayya ta makamai ta 1934, raifal mai bututu ƙasa da inci 16, ko mai tsawon jiki gaba ɗaya ƙasa da inci 26, sai an yi mata rajista ta musamman a ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai, kuma dokar ta ɗora mata harajin dala 200 tun wancan zamani har zuwa ƙarshen 2025. Mutumin da ke bayanka ya bi wannan hanya, tasa raifal ce mai gajeren bututu mai takarda, kuma USPSA ta yarda da irinta muddin mai ita ya cika dokar tarayya da ta jiharsa. Taka kuwa a idon doka fistol ce, maɗaurin nan an ƙera shi ne don a zura hannu a ciki. Ƙungiyar ba ta so ta shirya gasar da za ta wajabta wa mutum ya dogara fistol a kafaɗa a gaban jama'a da kyamarori, alhali hukumar tana sauya matsayinta a kan wannan aiki daga lokaci zuwa lokaci.

Mai Bin Shari'a:
Abin da Malam Alƙali ya faɗa gaskiya ne, amma ina ganin hujjar ta yi rauni yanzu. A watan Janairu na 2023 hukumar ATF ta fitar da ƙa'idar da ta mayar da yawancin fistol masu maɗaurin damtse raifal masu gajeren bututu, sannan a watan Yuni na 2024 wata kotun tarayya a jihar Texas ta soke wannan ƙa'ida gaba ɗaya. Tun da abin da ake tsoro ya faɗi a kotu, ban ga abin da zai hana a buɗe ƙofa ga irin bindigar ɗan'uwanmu ba. Maɗaurin ba ya ba kowa fifiko a fili. Hasali ma mai shi ne yake cutuwa, domin roba mai laushi ba ta zama a kafaɗa kamar gindi mai ƙarfi, kunci ma ba ya samun wurin kwanciya sosai. Dokar kayan aiki a gasa ana kafa ta ne don ɗaya daga abu biyu, ko tsare lafiya ko daidaita 'yan takara, kuma wannan sharaɗi ba ya hidimar ko ɗaya daga cikinsu. Ga kuma jihohin da ba su yarda farar hula ya mallaki raifal mai gajeren bututu ba ko da ya so yin rajista, wanda ke nufin mazaunansu ba su da hanyar da mutumin bayan layi ya samu.

Tsohon Alƙali:
Malam, ban ƙi maganarka ba ta fuskar adalci, kuma da ni ke da ƙuri'a a kwamitin dokoki da na saurare ta da kyau. Amma alƙalin da ke tsaye a fili ba kwamiti ba ne. Bugun littafin da yake aiki a ranar gasar shi ne a hannunsa, ba shi da ikon ya ce kotu ta yi kaza don haka zan tsallake layi kaza. Ranar da alƙalai suka fara zaɓar dokar da za su bi bisa ga fahimtarsu ta shari'a, ranar ce maki na wannan ƙungiya zai daina zama daidai da na waccan, alhali jarrabawar tantance matsayin maharba ta ƙasa baki ɗaya ta dogara ne a kan cewa kowa ya yi harbi a ƙarƙashin sharaɗi ɗaya. Ana sabunta ratayen nan lokaci bayan lokaci, shi ya sa nake gaya wa kowa ya sauko da bugun da ke aiki ya karanta kafin ya saya, ba bayan ya saya ba. Wanda yake son a sauya, ya rubuta wa daraktan yankinsa.

Mai Ɗura Harsashi:
Ina so in janye hankalinmu zuwa wani wuri, domin a ganina maganar gindi da maɗauri reshe ce. Gangar jikin dokar PCC tana cikin harsashi, kuma wanda ya gane wannan zai gane sauran.

Ku tuna cewa PCC ba a gina mata filinta ba, baƙuwa ce a filin fistol. Ana harba ta a kan matakan gasa, wato sassan filin harbi, da aka tsara wa ƙananan bindigogi, da tudun ƙasa iri ɗaya a baya, da farantan ƙarfe iri ɗaya, waɗanda doka ta yarda a kafa su a nisan ƙafa 23 kacal daga maharbi, wato kimanin mita 7. A gasar raifal ta IPSC, ƙungiyar wannan wasa ta ƙasa da ƙasa, ba a kusantar farantin ƙarfe ƙasa da mita 50. Abin da ke lalata ƙarfe gudu ne fiye da nauyi. Harsashi mai tsananin gudu yana barin ɗan rami a fuskar faranti, kuma farantin da ya yi ramuka ba ya watsa ɓaraguzan dalma ƙasa da gefe kamar yadda ake so, yana iya mayar da su kan maharbi da alƙali da masu kallo. Na taɓa cire ɓantaren jan ƙarfe mai girman farce daga haɓar wani abokin wasa, kuma da muka je muka shafa farantin da hannu sai muka ji shi kamar an sassare shi. Saboda haka ne USPSA ta taƙaita rukunin ga harsasai biyar, milimita 9, da .357 SIG, da .40 S&W, da milimita 10, da .45 ACP, ta kuma sa iyakar gudu a ƙafa 1600 cikin daƙiƙa. Wannan ne ya sa bindigar M1 mai cin .30 Carbine ba ta shiga duk da sunanta, domin kan harsashinta mai giren 110 (giren shi ne ma'aunin nauyin kan harsashi) yana fita da gudun da ya kusa ƙafa 2000. Haka ma harsashin 5.7x28, ba ya cikin jerin, ko da akwai fistol da ke cin sa.

Daga ƙasa kuma akwai ma'aunin ƙarfi. Ana ninka nauyin kan harsashi a giren da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1000, kuma dole sakamakon ya kai 125. Mai giren 115 yana buƙatar gudun 1087, mai 124 yana buƙatar 1009, mai 147 yana buƙatar 851. Idan kun haɗa rufin da daɓen za ku ga wani abu da ba a rubuta ba amma lissafi ya tilasta: kan harsashin da bai kai giren 79 ba ba zai taɓa cika 125 ba sai ya keta iyakar 1600. Ashe an rufe ƙofar harsasai marasa nauyi ba tare da an ambace su ba.

Sabon Maharbi:
Na gode, Malam. Ban taɓa haɗa maganar faranti da jerin harsasai ba sai yau. To idan na sayi mai cin .45 ko milimita 10, wanda ƙarfinsa ya wuce 165, zan samu makin babban aji kamar yadda ake samu a wasu rukunan fistol?

Mai Ɗura Harsashi:
A'a, ɗan'uwa. A PCC kowa a ƙaramin aji ake yi masa maki, ko me ya harba: biyar a tsakiya, uku a da'ira ta biyu, ɗaya a ta waje. A babban aji ne ake samun biyar, huɗu, biyu, kuma an ƙirƙiro wannan rangwame ne don a saka wa wanda ya jure bugun fistol mai ƙarfi a tafin hannunsa. Bindigar da ke dogare a kafaɗa, hannu biyu da kunci suna riƙe da ita, ba ta da wannan wahala da za a biya mutum a kanta. Shi ya sa kusan duk wanda za ka gani a layi milimita 9 yake harbawa.

Kuma ina gargaɗin masu ɗura nasu da kada su ɗauka cewa dogon bututu zai ba su gudu kyauta. Harsashi marar nauyi yakan ƙaru sosai a bututun inci 16, amma mai giren 147 da aka ɗura da ɗan albarushi mai saurin ci yakan ƙone ƙarfinsa tun kafin ya kai rabin hanya, ragowar bututun sai gogayya. A babbar gasa ana karɓar harsashi takwas daga hannunka, a zare kan ɗaya a auna nauyinsa, a harba uku ta cikin na'urar auna gudu da bindigarka. Idan matsakaicin ya ba da 845 a kan giren 147, to 124.2 ke nan, kuma ba a cika maka shi zuwa 125. Za a ƙara harba uku a ɗauki mafi gudu uku daga cikin shida, sannan akwai na ƙarshe guda ɗaya. Idan duk ba su kai ba, za ka ci gaba da harbi amma ba maki. Sanyin safiya kaɗai yana iya rage gudun wasu nau'o'in albarushi, don haka ni ba na sauka ƙasa da 132.

Maharbiyar IPSC:
Salamu alaikum. Ni a ƙarƙashin IPSC nake harbi a Turai, kuma ina so in tunatar da 'yan'uwa cewa abin da aka faɗa zuwa yanzu na ƙungiya ɗaya ne. Kalmar PCC iri ɗaya ce, amma bindigar da ta wuce a wannan tebur tana iya tsayawa a wancan. Mu ma ma'aunin ƙarfinmu 125 ne, amma iyakar gudu mita 500 ce cikin daƙiƙa, wato ƙafa 1640, kuma an rubuta ƙarara cewa kan harsashi kada ya gaza giren 115. Jerinmu ya ƙunshi .38 Super da 9x21, wannan na biyun kuwa ya samu gindin zama ne saboda a da Italiya ta daɗe tana hana farar hula fistol mai cin 9x19. An kuma raba rukunin gida biyu, na masu madubin saiti da na masu saitin ƙarfe, kuma da haka aka yi gasar duniya ta farko ta PCC a ƙasar Cek a 2025.

Babban bambancin da ya fi shafar yadda ake wasan shi ne gidan harsashi. A wurinmu ba a wuce 33 a bindiga, 32 a gida da ɗaya a ciki. Ina ganin wannan ya fi dacewa da ruhin wasan. Tun da aka kafa IPSC a 1976 a birnin Kolumbiya na jihar Missouri, takenta abu uku ne: daidaito, ƙarfi, da sauri. Sauya gidan harsashi cikin gudu, ba tare da bakin bindiga ya kauce daga inda aka yarda ba, yana cikin ƙwarewar da ake gwadawa. Idan mutum zai iya gama mataki mafi tsawo bai taɓa maɓallin sakin gida ba, an cire wani yanki na jarrabawar.

Mai Bin Shari'a:
Hajiya ta taɓo inda nake da ra'ayi mai ƙarfi. A USPSA babu iyakar yawan harsashi a PCC, abin da aka hana shi ne ɗaure gida biyu gefe da gefe. A manyan gasanni mataki mafi tsawo ba ya wajabta fiye da harbi 32, gidan Glock na 33 kuwa da ɗan ƙarin gindi yana ɗaukar sama da 40. Ana cewa wannan ya sauƙaƙa wasan, ni kuwa ina ganin ya mayar da jarrabawar ne zuwa wani wuri. Wanda ya taɓa ratsa ƙunƙuntar hanya da bindiga mai bututun inci 16, ko ya leƙa ta ƙaramar taga a gefen hagu alhali shi na dama ne, ya san cewa abin da ya samu a gidan harsashi ya biya shi a motsi. Ga kuma matakan tantancewa da suke wajabta sauya gida ko mene ne ya rage a ciki. Ban da haka, dogon gida yana da nasa sharrin: yana dukan ƙasa idan an durƙusa, kuma shi ne kan gaba wajen kawo sarƙewar harsashi. IDPA, wata ƙungiyar harbi ta daban, ta ɗauki hanyar tsakiya, ta tsaya a 30, ta kuma ɗaga ma'aunin ƙarfi zuwa 135, wanda ke nufin harsashin Malam mai 132 da ya wuce lafiya a ƙungiyoyi biyu zai faɗi a ta uku.

Maharbiyar IPSC:
Na yarda da maganar motsi, Malam, domin ni ma na sha buga bakin bindiga a jikin shinge. Amma akwai wata fuskar da ba ka ambata ba, ita ce ta aljihu da ta sabon shiga. Duk abin da doka ta bari a buɗe, masu hali za su cike shi da kuɗi. Mutum ya zo da Ruger PC Carbine ko CZ Scorpion yadda ya fito daga kwali, ya tarar da na kusa da shi yana riƙe da JP ko SIG MPX da aka gyara kunamarta, da abin rage tsallen baki, da madubin saiti mai jan ɗigo guda biyu, ɗaya a sama ɗaya a karkace, da hasken leza a ƙasa, kuma duka halal ne. A fistol an raba rukunin Production, na bindiga kusan yadda ta fito daga kamfani, da na Open, na wadda aka yi wa kowane irin gyara, don kada haka ta faru. Me ya sa a USPSA PCC za ta zama rukuni ɗaya tilo wanda a zahiri Open ne?

Tsohon Alƙali:
Tambayar Hajiya tana da nauyi, kuma amsar da na sani ita ce ta yawan mutane. A gasar ƙaramar ƙungiya za ka tarar masu PCC ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, idan aka raba su biyu kowa zai zama zakaran kansa. Sannan tazarar da ke tsakanin bindiga mai araha da mai tsada a nan ba ta kai ta fistol ba. Bambancin da ake ji a kafaɗa yawanci na tsarin aiki ne: mai sauƙin tsari tana dogara da nauyin ƙarfen da ke komawa baya, shi ya sa ɗigon yake tsalle idan ƙarfen ya dawo ya bugi gaba, mai jinkirta buɗewa da 'yan ƙananan gangunan ƙarfe ko mai aiki da iskar harbi kuwa ta fi laushi. Wannan yana ba da 'yan ɗaruruwan daƙiƙa tsakanin harbi da harbi, amma sabon maharbi daƙiƙoƙi cikakku yake zubarwa a wajen shiga wuri da fita, ba a kunama ba.

Inda ba na son a yi sassauci ko kaɗan shi ne abin da ya shafi lafiya. Kunamar da ke harbi sau ɗaya idan an ja, sau ɗaya idan an saki, da duk wata dabara ta sa bindiga ta yi ruwan wuta, an hana amfani da su. Salansa, wato abin rage ƙarar harbi, ma ba ta shiga, kuma ko ba don komai ba, na'urar ƙidayar lokaci da ƙarar harbi take aiki, idan ba ta ji harbin ƙarshe ba lokacin mutum ya zama ƙarya. Sai kuma abin da ya fi fitar da sababbi daga gasa, wanda ba ya cikin jerin kayan da ake saya da tsada: 'yar tutar roba da ake cusawa a mazaunin harsashi. Fistol tana da kube a ƙugu, PCC ba ta da shi, don haka tutar ce shaidar da kowa zai gani daga nesa cewa babu komai a ciki. Ana ɗaukar bindigar bakinta a tsaye sama ko ƙasa, ba a cire tutar sai alƙali ya ba da umarnin shiri. Na ga ƙwararren maharbi ya ciro tasa daga keken kaya, bakinta ya share ƙafafun mutum biyu a cikin ƙiftawar ido, kuma nan take gasarsa ta ƙare tun bai harba ko ɗaya ba.

Sabon Maharbi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zafin da na zo da shi ya ragu, ko da yake har yanzu ina tare da Malam Mai Bin Shari'a a kan cewa maɗaurin ba ya cutar da kowa, kuma zan rubuta wa daraktan yankinmu kamar yadda aka ba da shawara. Yanzu abin da ke gabana zaɓi biyu ne: in yi wa wadda nake da ita rajista in sa mata gindi, ko in sayi sabon ɓangaren saman bindigar mai bututun inci 16. Wani ya ce mini akwai masu sa bututun inci 14 da rabi su ƙara abin rage tsalle a baki. Wannan ya halatta ba tare da rajista ba?

Mai Ɗura Harsashi:
Ya halatta idan an haɗa shi haɗin dindindin, wato an huda an sa ƙusa an yi walda a kanta, kuma tsawon gaba ɗaya ya kai inci 16. Wanda aka murɗa a baki kawai ba tare da walda ba, ba a lissafa shi. Ana aunawa ne da sanda: a rufe bindiga babu harsashi, a zura sandar ta baki har ta taɓa fuskar ƙarfen da ke rufe mazauni, a yi alama a daidai ƙarshen baki, a zaro a auna. Ka sa maƙerin ya bar maka rarar ɗan abin da ya wuce 16, kada ya tsaya a kan layi. Kuma ka kula da jerin aikin: ka fara ɗora dogon bututun tukuna, sannan ka sa gindin kafaɗa, domin gindi a kan bututun inci 8 ba tare da takardar rajista a hannu ba laifi ne a dokar tarayya ko da na minti biyar ne a cikin ɗakinka. Idan ka haɗa ta, ka kawo harsashin da kake niyyar shiga gasa da shi a auna gudunsa a sabon bututun, domin lambar da ka samu a inci 8 ba ita za ka samu a 16 ba.